Gadon gawayi a birnin Santetiyen na ƙasar Faransa: dukiya da bashi

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida tana bayani ne a kan birnin Santetiyen (Saint-Étienne), babban birnin jihar Luwar a ƙasar Faransa, inda aka yi ƙarnoni ana haƙar gawayin ƙasa har zuwa shekara ta 1983, lokacin da aka rufe rijiya ta ƙarshe a yankin. Da «gawayin ƙasa» muna nufin baƙin dutsen nan mai cin wuta wanda Faransawa ke kira houille, mutanen Najeriya kuma suke kira kwal. Da «rijiya» kuwa muna nufin ramin da ake ginawa a tsaye domin saukar da mahaƙa da fitar da gawayi.

A cikin takardun da suka shafi irin waɗannan birane, kalmar patrimoine tana yawan fitowa, kuma mun saba fassara ta da «gado». A bakin masu kula da al'adu da yawon buɗe ido, kalmar ta koma tana nufin gine-gine da kayan da aka ajiye domin kallo. Amma duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san ba a taɓa dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ke kansa. Da wannan ma'ana ta biyu za mu duba Santetiyen: abin da gawayi ya gina, yadda ya ƙare, abin da birnin ya zaɓi ya ajiye, da abin da ya gada ba da zaɓinsa ba.

2. Wurin da birnin yake da sana'o'insa na farko

Santetiyen yana wajen kilometir 60 kudu maso yammacin Liyon, a ƙasa mai tuddai, tsakanin manyan koguna biyu: Luwar da ke zuba a tekun Atlantika, da Ron da ke zuba a Bahar Rum. Babu ɗayansu da ya ratsa birnin. Abin da ya ratsa shi wani ƙaramin rafi ne mai suna Furan, wanda aka rufe mafi yawansa ƙarƙashin tituna. Gawayin yana kwance cikin wani siririn yanki mai tsawon kilometir 50 da faɗin kamar 5, daga Rive-de-Gier a gabas zuwa Firminy a yamma. Asalinsa dazuzzukan fadama ne da ƙasa ta binne wajen shekara miliyon 300 da suka wuce, kuma masana duwatsu sun raɗa wa wannan zamani suna Stéphanien, daga sunan birnin.

A wurare da dama gawayin ya fito har doron ƙasa, shi ya sa tun ƙarni na 13 ake tonon sa. Waɗanda suka fara cin moriyarsa maƙera ne, masu yin ƙusoshi da wuƙaƙe da makamai, ruwan Furan kuma yana juya musu duwatsun washi. A shekara ta 1764 aka kafa masana'antar bindigogi ta sarki, kuma sana'ar ta yi suna har a lokacin juyin juya halin Faransa an canza wa garin suna zuwa Armeville, wato garin makamai. Gefe guda kuma akwai saƙar riban, siririn ƙyallen siliki da ake ado da shi, wanda iyalai ke saƙawa a cikin gidajensu. A tsakiyar ƙarni na 19 masu saƙa sun fi mahaƙa yawa.

Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Gawayi ya tarar da gari mai sana'a ne, ya ƙara masa ƙarfi. A nan Santetiyen ya bambanta da garuruwa da yawa na arewacin Faransa, waɗanda suka girma a gindin rijiya kaɗai.

3. Matsalar sufuri da hanyar jirgin ƙasa ta farko

Gawayi kaya ne mai nauyi da arha. In aka ɗora shi a amalanke, kafin a yi nisa kuɗin ɗauka ya cinye ribarsa. Saboda haka tarihin yankin a ƙarni na 18 da farkon na 19 tarihin neman hanya ne. Ta yamma, ana kai gawayi garin Saint-Rambert a bakin Luwar, a loda shi cikin kwale-kwalen katako waɗanda ba su dawowa: in sun isa, sai a wargaza su a sayar da katakon. Ta gabas, an gina hanyar ruwa daga Rive-de-Gier zuwa Givors a bakin Ron, aka buɗe ta a 1780.

A shekara ta 1816 gwamnati ta kafa makarantar koyon aikin ma'adinai a birnin, ƙarƙashin injiniya Louis-Antoine Beaunier. Shi ne ya samu izini a 1823 ya shimfiɗa dogo daga Santetiyen zuwa Andrézieux a bakin Luwar, kimanin kilometir 18. An fara aiki da shi a 1827, dawaki ke jan taragun, kuma shi ne hanyar jirgin ƙasa ta farko a Faransa. Bayansa Marc Seguin da ƴan'uwansa suka gina hanyar Liyon, wadda ta fara aiki kashi-kashi tsakanin 1830 da 1833, aka kuma sa mata injin tururi. Abin lura a nan shi ne, jirgin ƙasa ya shigo Faransa domin ɗaukar gawayi ne, fasinja daga baya suka zo.

Da hanya ta buɗe, sai yankin Luwar ya ci gaba da zama na farko a Faransa wajen fitar da gawayi, har zuwa wajen shekarun 1860 da yankin arewa ya sha gabansa. Masana'antun narkar da ƙarfe da na gilashi suka cika kwarin Gier da na Ondaine. Birnin da bai kai mutum dubu 20 ba a 1801 ya wuce dubu 140 a 1901, ko da yake wani ɓangare na ƙaruwar ya zo ne daga haɗe garuruwan kewaye da aka yi a 1855. A 1856 aka ɗauke hedkwatar jiha daga Montbrison aka kawo ta Santetiyen.

4. Kamfanoni da mahaƙa

4.1. Wa ke da gawayin?

Dokar ma'adinai ta 1810 ta raba abin da ke ƙarƙashin ƙasa da abin da ke samanta: gwamnati ce ke ba da izinin haƙa, ba mai gona ba. Sai dai a yankin Luwar masu filaye sun ci gaba da karɓar kaso mai tsoka a kan gawayin da aka fitar daga ƙarƙashin filayensu, abin da ya ƙara wa gawayin yankin tsada. A 1846 ƴan kasuwa suka haɗe yawancin rijiyoyi cikin kamfani guda, Compagnie des Mines de la Loire, wanda jama'a suka yi wa laƙabi da «Monopole». Masu masana'antu sun ji tsoron tsadar gawayi, mahaƙa sun ji tsoron rage albashi, hukumar birni ta tsaya tare da su. A 1854 Napoleon na III ya raba kamfanin gida huɗu.

4.2. Aikin da haɗarinsa

Shimfiɗun gawayin Luwar suna da kauri a wasu wurare, amma a karye suke, a karkace, ga saurin kama wuta. Babban abokin gaban mahaƙi shi ne girizu, iskar metan da ke fitowa daga jikin gawayi, ba ta da launi ba ta da wari. In ta gauraya da iskar shaƙa daidai wani gwargwado, tartsatsi ɗaya ya isa. Fashewar kuma tana tayar da ƙurar gawayi, ƙurar ta kama, wutar ta bi lungunan ramin. Waɗanda wuta ba ta ci ba, iskar guba da ta biyo baya ita ke kashe su. A rijiyar Jabin mutum 186 suka mutu a watan Fabrairu na 1876. A rijiyar Verpilleux mutum 207 a watan Yuli na 1889. A rijiyar Pélissier mutum 113 a watan Yuli na 1890. Dukansu a cikin birnin ne ko a bakinsa.

A saman ƙasa kuma akwai mata da ƴan mata da ake kira clapeuses, masu tsince duwatsu daga cikin gawayi da hannu, a tsaye, cikin ƙura. A ƙasa dawaki ke jan taragu, wasunsu sai su yi shekaru ba su ga rana ba.

4.3. Gwagwarmaya

Ran 16 ga watan Yuni na 1869, ana cikin yajin aiki, soji suka buɗe wuta a kan jama'a a La Ricamarie, suka kashe mutum 14, har da jaririya. Ɗaya daga cikin jagororin yajin, Michel Rondet, ya sha ɗauri, daga baya kuma ya jagoranci tarayyar mahaƙan Faransa da aka kafa a Santetiyen a 1883, shekara guda kafin doka ta halatta sandika. Daga wannan gwagwarmaya da waɗancan haɗurra ne aka samu dokar 1890, wadda ta ba mahaƙa ikon zaɓen wakilinsu mai shiga rami ya duba lafiyar wurin aiki, da dokar 1894 da ta tsara asusun jinya da na fansho. Ke nan wani ɓangare na gadon Santetiyen yana cikin dokokin ƙwadago na Faransa, inda ba a ganin sa da ido.

5. Ganiya da faɗuwa

Yankin ya kai ganiyarsa a 1918, da kusan ton miliyon 5 a shekara, domin Jamusawa sun mamaye ko sun lalata rijiyoyin arewa lokacin yaƙin duniya na farko. Da yake samari suna fagen daga, sai aka kawo fursunonin yaƙi da ma'aikata daga Aljeriya da Maroko. Bayan yaƙi mutanen Polan da Italiya da Sipaniya suka biyo baya. A wannan lokaci ne rijiyar Couriot, mai zurfin metir 727, ta fara aiki a 1919, ta zama mafi girma a birnin.

Bayan yaƙi na biyu, dokar 17 ga watan Mayu na 1946 ta mayar da rijiyoyin hannun gwamnati, ƙarƙashin Charbonnages de France. Mahaƙa suka samu matsayi na musamman, da gida da gawayin ɗumama ɗaki kyauta, aka yi ta kiran su da su ceci ƙasa da ƙarfinsu. Zaman daɗin bai daɗe ba. A yajin aikin Oktoba da Nuwamba na 1948 gwamnati ta tura soji da ƴan sanda rijiyoyi, aka yi harbi a Firminy, aka kori mahaƙa da yawa daga aiki a faɗin ƙasa, suka rasa gidajensu tare da aikin.

Dalilan faɗuwa uku ne. Na farko, ƙasa: an ci shimfiɗu masu sauƙi, waɗanda suka rage suna da zurfi, kuma karyewarsu ba ta barin manyan injuna su yi aiki kamar a Loren. Na biyu, kasuwa: yarjejeniyar gawayi da ƙarfe ta Turai ta 1951 ta buɗe iyakoki ga gawayin maƙwabta. Na uku, makamashi: man fetur mai arha da iskar gas sun maye gurbin gawayi a masana'antu da gidaje, jiragen ƙasa kuma suka koma lantarki da gazuwal. A 1960 shirin minista Jeanneney ya tsayar da shawarar rage haƙa. Aka rufe Couriot a 1973, watanni kaɗan kafin farashin fetur ya yi tashin gwauron zabo. Rijiyar Pigeot ta La Ricamarie ta rufe a 1983, haƙar buɗaɗɗen rami ta tsaya a 1993. A Faransa baki ɗaya, rijiya ta ƙarshe ita ce La Houve a Loren, wadda ta rufe a 2004.

Da gawayi kaɗai ya tafi, da sauƙi. Amma sauran sana'o'in sun bi shi ɗaya bayan ɗaya: Manufrance, mai bindigogin farauta da kekuna, da aka kafa a 1885, ta durƙushe tsakanin 1980 da 1985, kamfanin ƙarfe na Creusot-Loire ya karye a 1984, masana'antar makamai, inda aka ƙera bindigar FAMAS, ta rufe a 2001. Yawan sana'o'i ya jinkirta faɗuwar, ya kuma tsawaita ta har wajen shekara arba'in.

6. Abin da aka ajiye

Cikin ɗaruruwan rijiyoyin da aka gina a yankin, ƴan kaɗan ne suka bar alama. Da an rufe rijiya akan cike ramin, a yanke ƙarafa a sayar, a share fili domin a jawo sabbin masana'antu. A shekarun 1970 mutane da yawa, har da hukumomi, sun fi son a manta da sunan «baƙin gari» da aka daɗe ana kiran birnin da shi. Couriot ta tsira domin ba a rushe ta nan take ba, har ra'ayi ya juya. Aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1991, aka sa ta cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa a 2011.

Mai ziyara yana bin hanyar da mahaƙi ke bi kowace safiya. Zai fara da babban ɗakin wanka, inda kowane ma'aikaci ke rataye tufafinsa a ƙugiya, ya ja sarƙa ya kai su can sama kusa da rufi domin su bushe kuma a samu fili. Saboda kamannin tufafin da ke reto ne baƙi suka raɗa masa suna «ɗakin ratayayyu». Daga nan sai ɗakin fitilu. Kowane mahaƙi yana da kwabon ƙarfe mai lambarsa: ya ba da shi ya karɓi fitila, in ya fito ya mayar da fitila ya karɓi kwabonsa. In aka tashi aiki aka ga kwabo a gurbin fitila, an san akwai mutum a ƙasa. Sai ɗakin injin da ke jan keji, da hasumiyar ƙarfe da ke tsaye bisa bakin rijiya tana aikin jigo. Bayanta akwai tsibi biyu na tarkacen duwatsu, tsayinsu ya wuce metir 100, itatuwa sun rufe gindinsu, ana hango su daga ko'ina cikin birni.

Wajibi ne mai bincike ya san abu ɗaya: lungun da ake shigar da baƙi ciki kwaikwayo ne da aka gina kusa da doron ƙasa. Ramukan gaskiya ruwa ya cike su. Wurin da aka yi aikin ya tafi, abin da ya rage ƙofar shigarsa ce.

Birnin ya kuma nemi sabon suna daga tsohuwar sana'arsa ta ƙira da saƙa. A harabar masana'antar makamai aka buɗe Cité du design a 2009, cibiyar fasahar tsara siffar kayayyaki, kuma a 2010 UNESCO ta sa Santetiyen cikin biranen da ta sani da wannan fasaha. Bikin Sainte-Barbe, waliyyiyar mahaƙa, ana ci gaba da yin sa kowane 4 ga watan Disamba, ko da yake babu mai shiga rami.

7. Bashin da ya rage

Bashi na farko yana cikin ƙirjin mutane. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu ta sandarar da shi, cutar da ake kira silikoz, wadda ba ta da magani kuma tana ci gaba bayan mutum ya bar aiki. Sai a 1945 Faransa ta amince da ita a matsayin cutar aiki. Ta fi girizu kisa, amma da yake ɗaya-ɗaya take ɗauka, a gida ko a asibiti, ba ta da ranar tunawa.

Bashi na biyu yana ƙarƙashin ƙasa. Unguwanni da dama suna zaune bisa tsofaffin ramuka, wasu ma an tone su tun kafin a fara zana taswira. Ƙasa takan lotsa, bango ya tsage. Da aka daina zuƙe ruwa, sai ya taso ya fito ja wur saboda ƙarfen da ke cikinsa, dole a tace shi kafin ya shiga rafi. Wasu tsibin tarkace sukan kama wuta a cikinsu su yi shekaru suna ci, kamar na Saint-Pierre a La Ricamarie. Tambayar ita ce: in kamfani ya tafi, wa zai biya? Dokar 30 ga watan Maris na 1999 ta ɗora wa gwamnati lamunin ɓarnar da haƙa ta jawo in mai haƙar ya ɓace ko ya gaza. Da aka rushe Charbonnages de France a ƙarshen 2007, sa ido a kan tsofaffin ramuka ya koma hannun hukumar binciken ƙasa ta BRGM, haƙƙoƙin tsofaffin mahaƙa kuma hannun wata hukuma da aka kafa a 2004.

Bashi na uku na adalci ne. Sai a ƙarshen 2014 majalisar dokokin Faransa ta amince cewa korar mahaƙan 1948 zalunci ce, ta ba da diyya, bayan shekara 66, lokacin da yawancinsu sun riga sun mutu.

Bashi na huɗu jama'ar garin ce. Birnin da ya wuce mutum dubu 210 a 1968 ya sauko zuwa dubu 170 da ƴan kai a farkon shekarun 2020. Masu hali da yawa sun koma garuruwan kewaye, talauci ya taru a tsofaffin unguwannin tsakiya, inda jikokin ma'aikatan da aka kawo daga nesa suke da yawa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa gadon gawayi a Santetiyen kashi biyu ne. Kashin da ake nunawa an zaɓe shi ne daga ɗan abin da bai rushe ba, shekara 18 bayan rufe Couriot. Kashin da ake biya kuwa bai jira zaɓin kowa ba, kuma yawancin dokokin da suka tsara shi sun zo ne bayan an rufe rijiyoyin.

Wannan tarihi ya taɓa ƙasarmu kai tsaye. Faransa da ta bar gawayi ta dogara ga fetur, bayan 1973 kuma ta juya ga makamashin nukiliya da shirin Messmer na 1974. Wani ɓangare na iraniyom ɗin da tashoshinta suka ƙona daga Arlit ya fito, inda SOMAÏR ta fara fitarwa a 1971, COMINAK kuma a 1978. Domin ba waɗannan ma'adinai lantarki ne aka kafa SONICHAR a 1975, aka fara ƙona gawayin Anu Araren, kusa da Cirozerin, a 1981. Wato a daidai lokacin da ake rufe rijiyoyin Luwar ake buɗe ramin gawayi a jihar Agadas. Ran 31 ga watan Maris na 2021 COMINAK ta daina aiki a Akokan, tarkacenta kuma yana da haɗarin da na gawayi ba shi da shi.

Yanayin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, kuma ba mu ce a kwafi gidan tarihin Couriot ba. Abin da misalin ya nuna shi ne abubuwan da kan ɓace da wuri in ba a tattara su ba: taswirar ramuka, takardun lafiyar ma'aikata, rajistar ɗauka da sallama, da maganar waɗanda suka yi aikin. A Santetiyen, waɗanda suka shiga Couriot suna samari a shekararta ta ƙarshe sun kai shekara 70 ko sun wuce. A Akokan da Arlit da Cirozerin, mahaƙan farko da matansu da yawa suna raye, kuma za su ba da labarinsu da Hausa ko Tamajak ko Zabarmanci. Ɗaukar wannan magana da rubuta ta aiki ne da ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da na harsunan gida za su iya farawa tun yanzu.